Saƙon da na hana maigidana karantawa

Salama a gare ku mutanen gidan nan. Admin ki ɓoye sunana. Ban shiga aji ba, da baki nake faɗa ana rubuta min. Don Allah ku ba ni shawara.

Ni dattijuwa ce a Muchia, na tsufa ina auna hatsi a kasuwar Sabon Gari, kuma maƙaryaci bai taɓa tsayawa gabana ban gane shi ba. Amma waya ba ta nuna maka idon mai magana.

Lokacin korona maigidana, tsohon malamin firamare, ya kwanta da tari da zazzaɓi. Sai wata murya ta shigo guruf ɗinmu na zumuntar mata, mutum mai natsuwa, da addu'a ma ya fara, ya ce shi likita ne. Wai duk wanda aka kai asibiti korona za a laƙa masa, in ya mutu ba a ba da gawa. Mu kuwa mamacinmu ƙauye ake kai shi, kusa da iyayensa. Na yarda, na shiga yi masa sirace da ganyen darbejiya.

'Yarmu ta fari tana aikin jinya a Samaru, ta daina zuwa don kada ta kwaso mana cutar. Ta turo dogon rubutu a wayata, ta ce in ba babanta ya karanta. Na san in ya karanta zai ce a tafi asibiti, sai na ɓoye wayar. Duk ta kira in ce ya gani, da sauƙi, barci yake. Da ta matsa na daka mata tsawa, na ce ba ita ta haife ni ba.

Ranar da numfashi ya gagara muka sa shi a keke. A hanya ya ce, "Yarinyar nan ba ta aiko da komai ba?" Na ce babu. Bai kai ƙofar asibiti ba.

Har yau ɗauka take ya karanta ya ƙi. In mun je ƙauye gyaran kabari nesa take tsayawa, wai uban da ya koya mata karatu shi ya raina iliminta. Bana ta haifi namiji, ta ce ba za ta sa masa sunansa ba.

In na faɗa mata na wanke mamaci, amma ƙila in rasa 'ya. In na yi shiru zai ci gaba da ɗaukar laifina a kabari. Kada ku ce min kwana ne ya ƙare, wannan na sani. Ku gaya min, in faɗa mata? Kuma da wane baki zan fara?