Masu Duba Aikin Auta

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar taki, ya yara? Ki yi haƙuri da rubutuna, da girma na koya. Tun da na zo ƙasar nan wurin Auta lafiyata lau, ita ce dai ba ta cin abinci.

Mujallar masana ta sake dawo mata da bincikenta kan ciwon huhun awaki. In bai fito bana ba, jami'a za ta sallame ta. Na yafa mayafi, na ce ta kai ni wurin masu duba aikin in roƙe su. Ta ce, "Inna, ɓoye sunayensu ake yi. Ni ma ban san su ba."

Yaya, wa zan durƙusa wa? Ki sa mu a addu'a, kada babanta ya ji tukuna.

Ƙanwarki