Shingenki Ya Toho, Assibi

Ya toho! Wallahi ya toho! Shingenki da kika yi wa kuka, wanda kika ce sanyin ƙasar Turawan nan ya kashe, ga shi yau da sabon ganye tun daga bakin ƙofa har inda muke ajiye mota!

Af, ji ni, ko sallama ban yi ba. Assalamu alaikum, Assibi, sanyin idona, ruwan randata, inuwar da nake fakewa tun ina saurayi mai tallan goro a tashar Damagaram. Ina gaida Inna da jiki. Chamsiya, na san ke ce mai karanta wa gwaggonki wannan takarda. Karanta duka, ban da dariya. Da furfurata na zauna ajin yamma na koyi rubutu, kuma yau na ga amfaninsa.

Kin tuna ranar da cibiyar jikarmu Houda ta faɗi? Uwarta za ta jefa a shara, kika karɓe, kika ƙulle a bakin zanenki. Da la'asar muka fita, ina tono da cokalin miya don ba mu da fartanya, ke kina gadi kada maƙwabta su kira mana ƴan sanda. A gindin itace na uku a jerin itatuwan shingen kika binne ta. Kika ce tunda ganyen itatuwan nan ba ya zuba ko da hunturu, yarinya ta sami ƙasa, mu kuma mun sami dalilin zama. Ranar nan fuskarki ta fi gonar gero bayan ruwan farko kyau!

Shekaru suka wuce, sai bana sanyin nan na Afrilu ya dawo bayan kowa ya ajiye rigar sanyinsa. Raɓa ta daskare a kan ganye, safiya ɗaya shinge ya yi ja kamar an bi shi da wuta. Kika ce ƙasar da ta ƙone amanar da aka ba ta ba ta son mu. Kika tafi gida duba Inna, ba ki faɗi ranar dawowa ba, kuma duk lokacin da na tambaya a waya sai ki ɗauko zancen tsadar hatsi. Kin san yadda gidan nan yake ba ke? Wa zan yi wa gardama a kan gishirin miya? Shayin ma ya daina daɗi.

Ɗanmu Hassoumi ya so ya tumɓuke shingen ya kafa katako. Na ɗauko kujera na zauna a gabansa, na ce sai dai a tumɓuke mu tare. Maƙwabcinmu Malachy, mai aikin ciyawa a filin wasan ƙwallon golf na Sedgefield, ya nuna mini in kankare ɓawo da farce: in ciki kore ne, da rai. Ya ce kada in yanke komai sai zafi ya kama sosai. Na kankara, na ga kore! Kullum sai na sake kankarewa, har ya ce in bari, kada in ƙarasa abin da sanyi ya rage.

Yau da safe Houda ta jawo ni da riga, tana ihu da Turancinta. Toho ne, ƙanana, masu taushi kamar kunnen jariri, suna fitowa daga ƙarƙashin ƙonannen ganye. Ba zan ɓoye miki ba, itatuwa biyu na bakin titi sun rasa kawunansu, na datse su. Amma na uku, Assibi, na ukun nan ya fi duka cika! Ga ganye ɗaya na sa miki cikin ambulan, ki taɓa da hannunki.

Ƙasar ta riƙe amana. Me kuma ya rage, farin watana? Ki faɗi rana, in je filin jirgi da babbar rigata tun kafin jirginki ya taso. Ni Issaka naki ne, da zafi da sanyi, har ranar da za a mayar da ni ƙasa.

Kuma kada ki zo ke kaɗai in da hali. Ki taho da Chamsiya, da Inna in ta ji sauƙi. Na riga na sanar a masallaci, na faɗa wa mai shagon nama na High Point Road, Malachy zai kawo mutanen cocinsu. Kowa ya zo! Ƙofa a buɗe take, ku zo ku ga itace na uku da idonku!