Robobi Tara da Na Zubar a Kwata

Zuwa ga Shugabar makarantar sakandaren da 'yata Rukayya take karatu, Suleja.

Assalamu alaikum. Ranki ya daɗe, ina gaishe ki da malamanki, da fatan iyali suna lafiya. Ni mai sana'ar kunun aya ce a Bagama. Ƙorafi na kawo, ko da yake yanzu hankalina ya kwanta.

Na farko, ba ku yi mana bayani ba. A zangon da ya wuce kun ce kowace ɗaliba ta zaɓi wata matsala ta gidansu ta bincika da kanta. Rukayya ta zaɓi tawa: me ke sa kununa tsami kafin la'asar, ko da na sa ƙanƙara. Takarda ɗaya kuka aiko, da Turancin da har mahaifinta, mai zuwa aiki Abuja kullum, sai da ya juya bayanta yana neman fassara.

Na biyu, ga abin da hakan ya jawo. Yarinya ta jera robobin kunu tara a ƙarƙashin teburin kicin, kowace da 'yar takarda manne. Ni kuwa ba na shiri da ƙazanta. Na ji tsami, na tuttule su a kwata, na wanke tas, har ina jiran a yaba mini. Ashe aikin sati uku na zubar. Da ta dawo ta gani, sai hawaye kawai. Wallahi na ji kunya.

Na uku, sakamako ya zo babu ta ɗaya, babu ta goma, sai “ba ta kammala ba tukuna”. Mahaifinta ya ce zai cire ta ya kai inda ake faɗin matsayi. Ni ma na ƙullaci malamarta ta kimiyya, don duk lokacin da Rukayya ta nemi amsa, tambaya take ƙara mata. Har na ce a raina matar nan ita ma ba ta sani ba ne.

Amma ba ku kayar da ita ba. Kun ƙara mata lokaci, malamar tana duba littafinta kowace Litinin. Ta sake jera robobi, ni kuma na kama kaina. Ƙarshenta ta gano abin da ke kawo tsamin: ba ruwa ba ne, ba aya ba ce. Ƙyallen tace kunun ne, wanda na saba ratayewa a jiƙe a bayan ƙofa shekara da shekaru. Yanzu tafasa shi nake yi in shanya a rana, kuma kununa yana kaiwa magariba lafiya lau. Ranar da ta tsaya gaban malamai tana bayani, mahaifinta yana zaune a baya. Tun daga nan bai sake maganar canjin makaranta ba.

Roƙona biyu ne. Ku tara iyaye a farkon kowane zango ku yi mana bayani da Hausa. Sannan ku rubuta a sakamako cewa “tukuna” ba faɗuwa ba ce, don saura ƙiris kalmar nan ta raba 'yata da makarantarku.

Kakarta har yau tana tambaya ta nawa Rukayya ta zo. Nakan miƙa mata kofin kunu da magariba kawai, in ce ta ɗanɗana.

Allah ya ƙara miki lafiya da haƙuri da mu, ya saka wa malamar da alheri.

Wassalam.
Mahaifiyar Rukayya, Bagama.