Ni da Kwaɗon Auta

Zuwa ga Uwargida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da mai jego da sabon angon naki da ya ƙwace mini ke. Yaya ƙafar taki? Ni lafiyata ƙalau. Ina shan maganin hawan jini a kan lokaci, ina kuma cin abinci, ko da yake ba duk abin da na dafa ne ya cancanci sunan ba.

Na zaɓi takarda ne saboda akwai maganar da in na soma ta a waya za ki tare ni kafin in kai ƙarshe. Kin san jar motar tseren da Auta ya bari a garejin gida da aiki ya kai shi nesa, wadda ya sauke mata ƙafa har cikinta na shafar ƙasa, ya kuma sa mata salansa mai tayar da unguwa. Ni na raɗa mata suna Kwaɗo, kuma babu wanda ya kai ni nacin a sayar da ita. Ya roƙe ni in riƙa tayar da injin don kada batir ya mutu. To, shekaranjiya na tayar, na zauna ina sauraro, sai zuciya ta ce mini mota ai ba don tsayuwa aka yi ta ba.

Uwargida, na fita da ita, kuma ba zan ɓoye miki ba, na ji daɗi. Totur ɗin ko kallonsa ka yi sai ta zabura. A dawowa ne na faɗa ramin nan na kusa da famfon unguwa, sannan tudun bakin ƙofarmu ya ƙarasa aikin. Na ji ƙarar ƙarfe a ƙarƙashina, na duba madubi, sai ga rabin salansa kwance a titi. Yanzu Kwaɗo na gareji ta karkace dama, shokozobar gaba na tsiyayar mai, in an tayar da ita kuwa sai ki rantse injin niƙa ne.

Don Allah kada ki gaya wa Auta. Tun da muka yi sa-in-sa a kan motar nan, wayarmu ba ta wuce ina kwana da lafiya lau, ba na so in ƙara wa wuta mai. Zan gyara kafin ya zo ganin jariri.

Ki gaishe mini da surukinmu.

Naki,
Tsohon gida


Zuwa ga Uwargida,

Sallama da gaisuwa. Na samu amsarki, na kuma lura ba ki tambayi lafiyata ba sai a layin ƙarshe, bayan kin gama dariya. Da fatan mai jego na ƙara jin ƙarfi.

Na kira bakanikenmu ya duba. Ya ce sai dai a ja ta zuwa garejinsa, inda abokan Auta ke yini, na ce a'a, a gida za a yi. Mai walda ya zo da injinsa ya haɗa salansar a nan tsakar gareji, ƙaurin ƙarfe har ɗakinki. Saura ƙafa. Allah ya taimake ni na tarar da sabuwar shokozoba a kwali cikin kabad ɗin Auta, da sifirin ɗinta a jiki. Na sa tsohuwar rigata, na ɗaga motar da jak, na cire taya.

Maƙwabcinmu Tela ne mataimakina. Bai taɓa riƙe sifana ba, amma ya fi kowa shawara. Noti ɗaya ya yi tsatsa ya ƙi motsi, muka jiƙa shi da baƙin mai, muka sha shayi, muka dawo. Da ya tashi kwancewa sai ya tafi da fatar yatsuna biyu. Duk da haka kafin la'asar na ɗaura sabuwar, na mayar da taya, muka sauke ta muka ja baya muna kallo. Uwargida, ta bar karkata dama ta koma karkata hagu. Tela ya zaro tef ɗinsa ya auna gefe da gefe, ya ce shi dai in wando ne ba zai ba mai shi ba.

Washegari na sake ɗagawa, na murza wannan na murza wancan, abu ya ƙi. Da dabara ta ƙare mini sai na ce wa Tela ya kira Auta ta bidiyo ya riƙe wayar. Ina kwance a ƙarƙashin mota, na riga na shirya jawabin ban haƙuri. Ko sallamata bai amsa ba. Abin da na ji kawai shi ne, "Baba, me ke riƙe da motar nan?" Na ce jak. Ya ce, "Ka fito. Yanzu, Baba, ka fito." Tun da aka haife shi ban taɓa jin wannan muryar a bakinsa ba. Na jawo jiki na fito ina jiran faɗan mota.

Bai ce uffan a kan motar ba. Ya sa Tela ya ɗauko wasu ƙafafun ƙarfe a bayan ƙofa, waɗanda ni na ɗauka na kujera ne, aka tokare ta da su, aka sa waigi a tayoyin baya don kada ta gangara. Da muka sassauta jak ɗin don nauyi ya sauka a kansu sai ya zame da kansa ya faɗi gefe, ashe a karkace na kafa shi. Can Auta ya share fuska ya ce, "Mota ƙarfe ce, ana sayen wata." Ni kuma na ce ƙura ce ta shigar mini ido.

Daga nan aiki ya yi daɗi. Ashe akwai zobe a ƙarƙashin sifirin da ake murzawa a ɗaga mota ko a sauke ta, da wata sifana mai ƙugiya. Yana faɗa ina murzawa, Tela na aunawa, har ta zauna daidai. Sai da ya tabbatar ta daidaita sannan ya tambaye ni gudun da na yi da ita. Na faɗa masa. Ya yi dariya har wayar ta suɓuce daga hannunsa. Mun yi hira har cajin wayata ya ƙare, kuma tun ranar kullum sai ya kira.

Ki shafa mini kan angon naki.

Naki,
Tsohon gida


Zuwa ga Uwargida,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku baki ɗaya. Auta ya iso lafiya, ya ɗan rame amma bakinsa na nan.

Ko jaka bai ajiye ba muka shiga gareji. Muka kwanta kafaɗa da kafaɗa a kan kwali ya duba aikina. Ya sauya robar da ke rataye salansa, ya ƙara ɗaure noti ɗaya, sauran ya ce babu laifi. Muna nan kwance ya ce yana da albishir: ya samu mai saye, zan huta da Kwaɗo. Yana faɗa yana kallona, yana jira in sa masa albarka.

Na ce masa motar da na zubar wa jini ba za ta bar gidan nan ba. Ya ce, "Baba, ba kai ne ka ce kayan marasa aikin yi ce ba?" Na ce ai ni ma yanzu ba ni da aikin yi. A ƙarshe muka daidaita, muka ɗaga ta kamar faɗin yatsu uku saboda gwiwoyina da tudun ƙofa, salansa kuma aka bar ta da muryarta. Tela ya ce zai yi haƙuri in za a riƙa rage masa hanya zuwa kasuwa.

Jibi in Allah ya yarda muna tafe ganin jariri. Auta zai wuce wurin aiki daga can, ni zan dawo da ke. Ki ɗaure kallabinki da kyau, ki kuma rage kaya, don but ɗin ba ya cin fiye da jaka ɗaya. Ba sai na kira in ce mun iso ba, za ku ji mu tun daga kwana.

Naki har kullum,
Tsohon gida