Tun Ranar Rabon Dawa 'Yata Ta Daina Magana

Hajiya, don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya ɗaure. Karatun yaƙi da jahilci kawai na yi, sai ki yi haƙuri da rubutuna.

Mu mutanen wani ƙauye ne wajen Dungu. Da gero ya ƙone bara muka dawo Matameye, gidan ƙanin mijina. Maigida ya tafi Kano neman abin da za mu ci, aka rufe iyaka, har yau sai dai saƙon baki. 'Ya'yana uku, amma a kan ta tsakiya nake rubuto miki, Sa'a, shekarunta takwas. Da yarinya ce mai surutu, ita ke tara yaran unguwa su yi gaɗa.

Ranar da sojoji suka kawo jar dawar taimako na tafi da ita, ƙaninta yana goye a bayana. Ana buɗe motar mutane suka yi ca, aka ture mu, hannunta ya kuɓuce daga nawa. Ina jin muryarta, ba na ganinta. Sai bayan la'asar wata mai ƙosai ta same ta ƙarƙashin amalanke a dunƙule, bakinta duk ƙasa. Babu rauni a jikinta, na gode wa Allah, na ɗauka magana ta wuce.

Ashe ba ta wuce ba. In ta ji ƙarar babbar mota sai ta toshe kunne. Ko rijiya zan je tana riƙe da zanena. Ta koma fitsarin kwance. Tuwonta ba ta cinyewa, sai ta ƙulle a tsumma ta ɓoye har ya yi tsami. Malaminsu na lakwal, wato makarantar boko, ya ce ba ta buɗa baki a aji.

Surukata ta ce iska ce, an yi rubutu, an yi hayaƙi. Ƙanin mijina ya ce sangarci ne, bana wa ke da lokacin lallashi, ko bulala ko a kai ta Kurni wajen gwaggonta ta yi nesa da ni. A gidansa muke ci, ba na iya yi masa musu. Ni ma in na gaji nakan daka mata tsawa, sai ta zuba mini ido kawai. In bari a kai ta?

Wata uwa, Matameye

'Yar'uwa, kada ki bari a kai ta Kurni, kada kuma a doke ta. Ba sangarci ba ne, ba hauka ba ne. Firgita ce ta zauna mata a zuciya. Ta rabu da ƙauyenta, ta rabu da ubanta, ranar nan kuma ta ɗauka ke ma ta rasa ki. In aka sake raba ku, an tabbatar mata da abin da take tsoro.

Ƙanin mijinki ba mugu ba ne, mutum ne mai ɗauke da gida biyu a shekarar yunwa. Kada ki ja da shi. Ki bi ta wajen surukarki, ki roƙe ta ta nema miki lokaci zuwa kaka. Addu'ar da take yi a ci gaba, amma ki haɗa da gidan likita, musamman in yarinyar tana ramewa.

Duk inda za ki, ki gaya mata, ki kuma dawo lokacin da kika ce. Ki ba ta ƙaramin kwano mai murfi ta riƙa ajiye ragowarta a fili, ba faɗa. Tabarmar fitsari ki shanya ba tare da an sani ba. Ki je wajen malaminsu ki gaya masa abin da ya faru.

Sannan wata rana kuna tsince dawa ku biyu, ki ba ta labarin yadda kika yi ta nemanta kina kiran sunanta. Mai yiwuwa babu wanda ya taɓa gaya mata an neme ta. In ba ta amsa ba, kada ki matsa, ta ji.

Ke ma ki samu wadda za ki riƙa faɗa wa damuwarki. Allah ya ba Sa'a lafiya, ya dawo da maigida, ya ba mu damina mai albarka.

Hajiya Lauratu