Keken Inna da Lissafin Kogi

Zuwa ga sanyin idona, inuwata a tsakar rana, ruwan farkon daminata, Baban Fadila,

Gaisuwa da kewa mai yawa daga Unguwar Kanawa. Yau kwana ashirin da rasuwar Innata. Har yanzu ina kuka, amma saƙonka na jiya ya sa ni dariyar da rabona da ita tun ranar da ta rasu. Wai mutum ya ƙetare teku har Malesiya don ya koya wa kwamfuta lissafin ranar da kogin Kaduna zai yi ambaliya, sai ya shafe sati uku ya rasa yaren da zai yi mata magana da shi! Ka ce yaren Fortran tsoho ne mai wuyar rubutu, amma yana gudu da lissafi mai nauyi. Ka ce Python sauƙin hannu gare shi, sai dai yana da nawa. Kuma malaminka ba zai bar ka ka taho hutu ba sai aikin ya fara tafiya.

Ni a sakandare na tsaya, farin watana, amma wannan matsala na san ta. Ka tuna ranar da ka fara zuwa wurina a shagon Inna, ka zauna kan buhun ƙyallaye kana ta zufa? Kekunan ɗinki biyu ka gani. Da na lantarki Inna take harhaɗa riga, nan da nan ta gama. In an zo inda shadda ta ninku huɗu, sai ta koma kan tsohon na ƙafa, baƙin ƙarfen nan da ba abin da ke gagarar sa. Ba ta taɓa cewa sai ɗaya ba. Me zai hana ka harhaɗa aikinka da Python, inda lissafin ya yi kauri ka miƙa wa Fortran? Ko yarukan naku ba sa zama shago ɗaya?

Saura kwana ashirin addu'ar arba'in. Ba ka samu jana'iza ba, ban kuma riƙe ka a zuci ba. Amma ranar nan ina so in leƙo zaure in hangi hularka cikin masu addu'a.

Na yanka maka farar shadda. Jikin na haɗa da na lantarki. Wuya da aljihu na bar wa keken Inna na ƙafa, wanda na kasa taɓawa tun da ta tafi. Ranar da ka ce min ka sayi tikiti, ranar zan hau shi.

Taka ce ni, yau da gobe, har ƙarshen numfashina,
Ummukulthum