Na Samu Kujera a Teburin Madam Lila

Zuwa ga Yaya Rabi,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Yaya Inna da ƙafarta? Yaya maigidanki da su Walid? Mu nan unguwar Satwa kowa ƙalau.

Kin san ba ni da ƙawa a nan ƙasar waje. To, maƙwabciyarmu Madam Lila, wata tsohuwa 'yar Indiya, tana koya mini kartar da ake kira birij. Mutum huɗu ke yi, biyu-biyu, kuma babu caca, shi ya sa Abba ya yarda. Abokiyar wasanta ta koma gida, sai Madam Lila ta ce za ta gwada ni ranar Juma'a, in ban iya ba ta nemi wata.

Akwai dabarar da ta koya mini: in kina da as, wato katin da ya fi kowanne girma, da sarauniya amma sarki na hannun abokan hamayya, ki bari na damanki ya fara sakawa. In ya saka ƙarama, ki jarraba sarauniya, wataƙila shi ya ɓoye sarkin.

Ranar Juma'ar, na daman nawa dattijo ne, sa'an Kaka. Wallahi kunya ta kama ni, yaya zan yi wa babba wayo? Da ya saka ƙarama na nuna sarauniyar, kuma ta ci.

Ya yi dariya ya ce, "Khalas, shi ke nan, yarinyar nan ta kama ni." Madam Lila ta ce kujerar abokiyar wasanta ta zama tawa.

Ki sa ni a addu'a, ki gaishe da Inna. Karatun allo ban bari ba, ki gaya mata.

Ƙanwarki,
Safiya